Daga Kurfi zuwa Boma: wa zai rubuta mana sunayen mazan jiya?

 

Maƙalar wannan mako wata tsohuwar adaka ce ta jawo ta. Kwanakin baya Allah Ya yi wa wata dattijuwa rasuwa a wani gida a Kurfi. Bayan an share makoki, ana kwashe kayan ɗakinta, sai aka jawo adakar daga ƙarƙashin gado. A cikinta an tarar da wani ƙullin tsumma, a cikin tsumman akwai lambobin yabo guda uku da suka yi baƙi, biyu masu siffar tauraro, ɗaya kamar kwabo, sai wani ɗan littafi da gara ta cinye rabinsa. Kayan mijinta ne, wanda ya riga ta gidan gaskiya da shekaru masu yawa. Muka tambayi jikokin, ina tsohon ya je har ya samo waɗannan? Suka ce abin da suka taso suna ji shi ne Kaka ya je Boma. To ina ce Boma? Wani ya ce Indiya ce, wani ya ce ai wajen Masar take. Ƙaraminsu kuwa har ya fara lissafin abin da ɗan gwangwan zai ba shi.

Ba mu ga laifin yaran ba. Mu ma da muke tambayar, in an tsare mu, kaɗan ne a cikinmu za su iya faɗin bataliyar da kakanninmu suka yi aiki, ko shekarar da suka tafi, ko sunan abokin da suka baro a can. Ra'ayinmu a wannan mako shi ne, wannan rashin sani abin kunya ne da za mu iya gyarawa da hannunmu, a nan Dutsin-Ma da Kurfi, kuma lokacin gyaran ya kusa ƙurewa.

Bari mu fara da yadda Turawan da suka ɗebe su suke yi da nasu. A Ingila kowace tsohuwar rundunar sojan ƙasa tana riƙe da jerin wuraren da aka taɓa tura ta, shekara bi shekara. Ɗauki rundunar South Staffordshire. Asalinta wata runduna ce da aka kafa a garin Lichfield a 1705. Ba ta daɗe da kafuwa ba aka tura ta tsibiran Karebiyan, ta yi kusan shekara sittin a can kafin a tuna da ita a dawo da ita gida. Daga nan Amurka, Indiya, Afirka ta Kudu, duk a rubuce. Yau akwai gidan tarihi na musamman kusa da Lichfield inda jikan soja zai je ya nemi labarin kakansa. Dalilin da ya sa muka zaɓi wannan runduna shi ne, a 1944 bataliyarta ta ɗaya ta kafa wani sansani a tsakiyar dajin Boma, bayan layin sojan Japan, wanda suka sa wa suna White City. Da wuta ta yi wuta, cikin waɗanda aka sauke da jirgin sama don su riƙe sansanin akwai sojojin Najeriya. Rami ɗaya, ruwan harsashi ɗaya, sauro ɗaya. Jikan Baturen yana da inda zai je ya karanta abin da ya faru ranar. Jikan Bakatsinen yana da tsumma da littafin da gara ta ci.

Alhali kuwa rundunar da kakanninmu suka shiga, in ana maganar yawon duniya, ba ƙanwar lasa ba ce. Sojan Najeriya na yau yana ƙirga asalinsa daga 1863, lokacin da wani Laftanar John Glover ya tara mutum 18 masu jin Hausa a Ikko ya ba su bindiga. Hausawan Glover ake ce musu. Bayan shekara goma, a yaƙin 1873 zuwa 1874, an riga an tsallaka da su ƙasar Gana ta yau don yaƙar Asante. Tun daga lokacin Hausa ta zama harshen bariki, har Baturen da aka kawo daga Ingila sai ya koye ta kafin ya ji daɗin aiki. A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa babbar rundunar Afirka ta Yamma, a 1900 aka sake kai mutanenmu Kumasi, a 1914 kuma, da aka haɗe Kudu da Arewa, aka haɗe sojojinsu suka zama Rundunar Najeriya guda.

A shekarar nan ta 1914 aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka tura su Kamaru, wadda a lokacin take hannun Jamus. Sun sha wuya a Garwa kafin ta faɗi a 1915. Dutsen Mora kuwa, can arewa kusa da iyakar Borno, Jamusawa sun ƙi sauka daga kansa tun 1914 har Fabrairun 1916. Ba su gama hutawa ba aka loda birged guda a jirgin ruwa, aka zagaya da su ta ƙasan Afirka, aka sauke su a Tanganika a ƙarshen 1916. A bakin kogin Rufiji damina ta yanke musu hanyar abinci, yunwa ta kai su ga tonon saiwoyin da ba su sani ba, wasu suka mutu da guba ba da harsashi ba. A Oktoban 1917, a wani wuri da ake kira Mahiwa, aka yi musu ɓarna mai yawa. Ku tsaya ku yi tunani: mutumin da watakila bai taɓa wuce kasuwar Jibiya ba, ga shi a gaɓar tekun Indiya, ba takalmi, yana neman wani janar ɗin Jamus a cikin kurmi.

Yaƙin Hitila shi ne wanda tsofaffinmu suka fi ba da labari, don shi ne ya fi ɗiban mutane. Da farko an kai su Kenya don su yaƙi Italiya. Birged ta 23, wadda ta ƙunshi 'yan Najeriya, ita ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, daga nan ta kama hanyar Habasha, ta ci tafiyar sama da mil dubu cikin kimanin wata guda, ta ratsa mashigin Marda ta isa Harar a watan Maris. Bayan sun dawo gida, Japan ta riga ta ƙwace Boma daga hannun Ingila, sai Turawa suka yanke shawarar cewa baƙar fata zai iya da kurmi, duk da cewa yawancin mutanenmu 'yan filin Allah ne da ba su taɓa ganin kurmi ba. A 1943 aka kafa Runduna ta 81, bayanta ta 82. Kiyasin da aka fi ambata shi ne mutum wajen 90,000 daga Afirka ta Yamma suka je wannan fage, fiye da rabinsu daga Najeriya.

Boma ɗin ita ce ƙasar Burma, wadda yau ake kira Myanmar, gabas da Indiya da Bangaladash. Tafiyar kanta abin a ba da labari ce: jirgin ƙasa daga Kano ko Zariya zuwa Ikko, jirgin ruwa na makonni, saukar Bombay, sai wani jirgin ƙasan da zai ratsa Indiya tun daga yamma har gabas, sai Chittagong, daga nan kuma ƙafa. Runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan, inda babu hanyar mota, sai da suka sare dutse da daji suka yi hanyar da hannunsu. Abinci da harsashi daga sama ake jefo musu da lema, sannan mutane su ɗauka a ka. Dubban waɗanda aka ɗiba ba ma bindiga aka ba su ba, dako aka kai su yi. Shi ya sa tambarin Runduna ta 82 yake ba mu tausayi duk lokacin da muka gan shi: māsu biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammo dai, irin wanda uwayenmu ke naɗawa in za su ɗauko tulu. Ta 81 kuwa gizo-gizo ta ɗauka, baƙi a kan rawaya, wato Gizon tatsuniya, wanda mutanen Gana ke kira Ananse. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace tsohon birnin Myohaung. Bataliyoyi uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, su ne aka ware aka haɗa da mayaƙan Chindit na Janar Wingate, su ne na White City da muka ambata. Yawancin waɗanda suka tsira sai a 1946 suka ga gida.

Wani abin da zai ba 'yan zaure mamaki: yankin da aka yi yawancin wannan yaƙi, Arakan, shi ne jihar Rakhine ta yau, ƙasar Musulmin Rohingya da muka riƙa yi wa addu'a a masallatai a 2017. Buthidaung da muka ji a labarai, sojojinmu sun taka ta da ƙafarsu a ƙarshen 1944. Wani soja ɗan ƙasar Owo, Isaac Fadoyebo, da Japanawa suka harbe shi a bakin Kaladan, wani Musulmi ɗan ƙauye ne ya ɓoye shi a gidansa wata da watanni har ya tsira. Duniya ta san labarinsa saboda dalili ɗaya tak: da ya dawo ya zauna ya rubuta. Daga rubutun nan ɗan jarida Barnaby Phillips ya nemo shi, ya yi fim a tashar Aljazeera a 2011, ya kuma rubuta littafi. Mutum nawa ne daga Birchi ko Karofi ko Wurma suka ga irin abin da ya gani, ko abin da ya fi shi, suka ba da labarin a dandali da daddare, labarin ya bi iska?

Abin dariya, sunayen wuraren nan muna furta su kullum ba mu sani ba. Barikin Chindit a Zariya. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna. Myohaung da Arakan da Tamandu a Legas. Letmauk a Ibadan. Barikin Mogadishu a Abuja. Har Dodan Barracks da aka yi shekaru ana mulkin ƙasar nan daga cikinsa, da yawanmu mun ɗauka daga dodo aka samo sunan, saboda tsoron masu zama a ciki, alhali sunan wani wuri ne a Boma. Barikin Bukavu na Kano kuwa na zamanin baya ne, daga Kwango, inda aka tura sojojinmu aikin Majalisar Ɗinkin Duniya tsakanin 1960 da 1964. Wato hukumar soja ta adana sunayen wurare. Sunayen mutanen ne ba wanda ya adana mana a gida.

Kuma kada wani ya ce wannan labarin wasu ne can nesa, bai shafi ƙasar Katsina ba. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya hau gado a 1944 bayan rasuwar mahaifinsa Muhammadu Dikko, bai jima ba ya ɗauki doguwar tafiya har Indiya da Boma don ya ga sojojin da idonsa. Sarki ba ya ƙetare teku don ya gaida mutanen da ba nasa ba. Marigayi Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda kwalejin ilimi ta nan Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa, a shekarun yaƙin yana Ankara ta ƙasar Gana tare da Bello Ɗandago, suna karanta labaran yaƙi da Hausa a rediyo. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, da labarin yaƙin nan ta yi ƙuruciyarta. Ɗan Sarki Nagogo, Hassan Usman Katsina, ya shiga wannan runduna a 1956, shekarar da Sarauniya ta zo Najeriya aka liƙa wa rundunar sunanta, shi ma kuma ya je Kwango. Manyan an san su, an rubuta su, an sa wa tituna da makarantu sunayensu, kuma sun cancanta. Muna maganar talakan da dagaci ya nuna da yatsa ne.

Mun san akwai masu cewa, kuma a zauren nan ma akwai su, me ya sa za mu ɗaukaka sojan Nasara? Wannan magana tana da nauyi, ba za mu share ta ba. Rundunar nan ita ce ta fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi ta kashe shi a watan Yuli. Ita ce ta shafe Satiru a 1906. Hafsoshin Turawa ne, amma yatsun da suka ja kunamar bindiga yawancinsu na masu jin Hausa ne. Shi ya sa har bayan shekaru, a garuruwanmu, shiga soja ba abin alfahari ba ne, ana ganin aikin wanda ya gagari iyayensa ne, kuma kalmar ɗan bariki ba yabo ba ce. Muna zaton wannan ƙyama tana cikin abin da ya sa ba a tambayi tsofaffin nan labari da kyau ba. Sun dawo da jar dara da taba sigari da wani irin Turanci, wasu sun dawo ba su cika son magana ba, wasu in an yi tsawa sai su zabura. Aka yi musu kallon waɗanda kansu ya taɓu, aka bar su.

Amsarmu ita ce, rubuta suna ba yabon mulkin mallaka ba ne. Hasali ma in kana son ka tuhumi mulkin mallaka da hujja, sunayen nan su ne hujjar. Da yawa ba da son ransu suka tafi ba. Razdan ya faɗa wa Sarki adadin da ake so, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci kuma ya san gidan da ba shi da mai tsaya masa. Wasu talauci da haraji suka kora, wasu kuma ƙuruciya ce da son ganin duniya, wannan ma gaskiya ne. A daidai lokacin, tsakanin 1942 da 1944, ana ɗiban wasu dubbai daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas na haƙar kuza a Jos, don yaƙin dai. A cikin sojan kuma ba a yi musu adalci ba. An daina yi wa sojan Ingila bulala tun 1881, amma baƙar fata an ci gaba da zane shi har cikin shekarun 1940. Har aka gama yaƙin babu ɗan Najeriya ko ɗaya da aka ba muƙamin hafsa, sai a 1948 aka fara. Mutum irin Chari Maigumeri, wanda ya yi Kamaru, ya yi Habasha, ya yi Boma, ya tara lambobin yabo har yau akwai bariki da sunansa a Lokoja, a samanja ya ƙare aikinsa, kyaftin ɗin girmamawa aka ba shi daga baya. Takardun da 'yan jarida suka tono a 2019 sun nuna cewa a rundunonin gabashin Afirka, kuɗin sallamar farabiti Bature sule goma ne a kan kowane wata da ya yi, na baƙar fata sule uku da sisi. A Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto da kanta, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, watakila har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su sam. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya nemi afuwa. To in su sun nemi afuwar mantawa da kakanninmu, mu da muka manta da su a cikin gidajenmu wa za mu nema wa afuwa?

Akwai kuma wata matsala da ba wanda zai iya warware ta sai mu. Lokacin ɗaukar soja, magatakarda ba ya tambayar sunan uba da na kaka. Sunan yanka yake rubutawa, ya liƙa masa sunan babban gari: wane Katsina, wane Kano, wane Sakkwato. Mutumin Rawayau da na Makera da na Tsauri duk sun zama Katsina a takarda, har da wanda ya tsallako daga Maraɗi ya ce shi ma Bakatsine ne, kuma bai yi ƙarya ba. A maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon, akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma akwai 'yan Rundunar Najeriya a ciki. Hukumar kaburburan ta sa sunayen a intanet, kowa na iya bincikawa da wayarsa. Amma in ka ga suna ɗaya ya maimaitu sau da yawa, kowanne da Katsina a bayansa, ta yaya za ka san wanne ne ƙanin kakarka da aka ce ya tafi bai dawo ba? Lambar soja ce kawai ke rabewa, wadda ke farawa da NA. Lambar nan tana cikin littafin sallama. Ku lura da wannan da kyau: lambobin yabo na Yaƙin Ɗaya an zana suna da lamba a gefensu, amma taurarin Yaƙi na Biyu da Ingila ta raba yawanci ba suna a jikinsu. Saboda haka ɗan littafin nan da gara ke ci ya fi tagullar daraja nesa ba kusa ba. Turawa suna da rabin labarin a ma'ajiyarsu ta Kew a Landan, inda aka ajiye littafin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum. Ɗaya rabin yana ƙarƙashin gadajen tsofaffinmu. In ba a haɗa su ba, kowanne rabi bebe ne.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943, an haife shi a 1925, ku yi lissafi. Su kansu sai dai mu ce Allah Ya jiƙansu, in akwai sauran ɗaya ko biyu to kyauta ce daga Allah. Waɗanda suka rage su ne matan da suka aura bayan sun dawo, da 'ya'yansu na fari, su ma sun manyanta. Ga kuma halin da muke ciki. Duk wanda ke zaune a Dutsin-Ma ko Kurfi ya ga mutanen ƙauyuka suna shigowa gari da tabarma da tukunya saboda 'yan bindiga, daga ɓangarenmu da na Safana da Batsari. Wanda ke gudun ransa da tsakar dare ba ya tsayawa ɗaukar adakar kaka. Gidan da aka ƙona, takardar da ke ciki ta tafi ke nan. Abin da gara ta yi shekara tamanin ba ta gama ba, wuta tana gama shi kafin asuba.

Wannan ne ma ya kawo mu ga abin da ya fi damunmu. Jerin tafiye-tafiyen bai tsaya a Boma ba. Kwango, Tanganika a 1964, Laberiya daga 1990, Saliyo, Darfur, Mali. Sannan na cikin gida, yaƙin basasa, da Borno da Yobe, da dazukan da ke bayan gidajenmu. Akwai 'ya'yan Dutsin-Ma da Kurfi a kusan kowanne, akwai kuma 'ya'yan wasu jihohi da aka turo nan suka mutu suna tsare hanyoyinmu. Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara ana ajiye furanni, ana sakin tantabaru, ana sayar da ɗan tambarin tunawa da mazan jiya, mu kuma muna kallo a talabijin. Amma a tambayi kowace mazaɓa ta kawo sunayen 'ya'yanta da suka mutu a bakin aiki daga 2010 zuwa yau, har da 'yan sanda da 'yan sa-kai, mu ga ko za a samu a rubuce. Al'ummar da ba ta saba rubuta na jiya ba, ba za ta rubuta na yau ba, kuma marayun da aka bari su ne ke biyan kuɗin wannan sakaci, ranar da za a ce su kawo takarda kafin a biya su haƙƙin ubansu.

Ba ma jiran Abuja, ba ma jiran Landan. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, muna da Kwalejin Isa Kaita. Kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, wasu har su kwafo abin da aka riga aka rubuta sau goma. Ga aiki ɗanye a ƙofar gida. Malami ɗaya mai kishi zai iya raba ɗalibansa mazaɓa mazaɓa, Dabawa, Kuki, Shema, Bagagadi, Barkiya, kowa ya je da waya ya ɗauki muryar tsofaffi, ya ɗauki hoton takarda. Fadar Yandaka da fadar Maraɗi, in aka je musu da ladabi, umarni ɗaya za su ba dagatai da masu unguwanni, gidajen da aka san an yi tsohon soja su fito. Ta hanyar sarauta aka ɗebi mutanen nan, ya dace ta hanyar sarauta a dawo da sunayensu. 'Yan ƙungiyar tsofaffin sojoji, masu kakin nan da muke gani suna gadi a ofisoshi da makarantu, sun san junansu, sun san na gabansu. Wanda ke Kaduna a cikinmu ya leƙa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa, ya duba fayilolin Lardin Katsina na shekarun yaƙi. Abin da aka tara a ajiye kwafi a jami'a, kwafi a hukumar tarihi da al'adu ta jiha, asalin kuma ya zauna a hannun masu shi. Muna jaddada wannan: kada kowa ya karɓi lambar yabo ko littafin wani gida da sunan zai adana. Hoto ya isa. Mun sha ganin kayan tarihi sun shiga hannun mai adanawa sun ɓace.

Mu a zauren nan za mu fara da abin da muke iyawa. Duk wanda aka yi tsohon soja a gidansu, na Boma ne, na Habasha ne, na Kwango ne ko na Laberiya, ya je wurin mafi tsufa a gidan a cikin makon nan, ya zauna, ya tambaya. Sunansa na yanka da laƙabinsa na bariki, ƙauyen da aka ɗauke shi, wa ke sarautar garin a lokacin, da wa suka tafi, wa ya dawo, wa bai dawo ba, wace sana'a ya kama bayan ya dawo. In tsohuwa ta ce ba ta tuna shekara, a tambaye ta ko kafin auren wane ne ko bayan wace yunwa, za a iya lissafawa daga nan. A nemi izinin gida kafin a sa hoton kowa a nan, wanda iyalinsa ba su yarda a bayyana ba a turo wa masu kula da zaure ta akwatin sirri.

Littafin adakar Kurfi mun ɗauki hotonsa shafi shafi, mun sa shi a leda, mun mayar wa masu shi. Gara ta cinye sunan bataliyar da shekarar sallama, amma ta bar harufan NA da lambobi huɗu na farko. Na ƙarshen ne ba mu iya karantawa ba, ko 3 ne ko 8. In akwai mai ido ko mai na'urar da za ta fito da shi a cikinku, ya yi magana a ƙasa, za mu tura masa hoton.